Yadda 8.10 ta koma 8.1: nazarin matsalar lambar siga a wani kamfanin hayar sabobi

## Yadda aikin yake tafiya, 2020 zuwa Mayu 2024

Kamfanin yana ba da hayar sabobi ga masu shafukan intanet da ƙananan 'yan kasuwa, kuma cikin yarjejeniyarsa da su akwai ajiyar ko-ta-kwana da ake ɗauka kowane dare. A watan Mayu 2024 yana da sabobi 152: guda 96 a kan AlmaLinux 8, guda 41 a kan CentOS 7, sai 15 a kan Ubuntu, dukkansu nau'o'in babbar manhajar Linux ne. Ma'aikata huɗu ne ke kula da su.

Girka sabuwar sabar mataki uku ne. Injin zai tashi ta PXE, wato ta hanyar sadarwa, ya ɗauko fayil ɗin umarnin girkawa da ake kira kickstart, wanda ke nuna masa inda babbar manhajar take a rumbun cikin gida. Idan an gama girkawa sai Ansible, manhajar tsara sabobi daga nesa, ya shiga ya tsara sauran: rumbunan fakiti, daidaita agogo, manhajar ajiya da kayan sa ido. Daga nan wani ɗan rubutun umarni ya aika sunan sabar, sigar manhajarta da sigar kanel ɗinta (zuciyar babbar manhajar) zuwa wani tebur a ma'ajiyar bayanai ta MariaDB, inda ake ciro rahoton wata-wata.

Lambar siga tana shiga wannan aiki ta wurare uku. Na farko layi ɗaya ne a fayil ɗin saitunan Ansible na `group_vars`, mai tsarin rubutu na YAML, wato `os_version: 8.9`. An fara rubuta shi a farkon 2020 lokacin CentOS 8.1, kuma duk sanda sabuwar siga ta fito sai a canza lambar ƙarshe. Da shi ake haɗa adireshin girkawa a kickstart, da shi kuma ake haɗa adireshin rumbun fakitin da kamfanin ke ginawa da kansa.

Na biyu shi ne tsarin wannan rumbu. Kowace ƙaramar siga tana da foldarta: `el/8.1/`, `el/8.2/`, har zuwa `el/8.9/`. Dalili kuwa manhajar ajiyar tana dogara da wani direban kanel, kuma direban yana amfani da wasu ƙofofin kanel da ba sa cikin jerin waɗanda ake tabbatar ba za su canza ba a tsawon rayuwar siga ta 8, saboda haka ana sake gina shi a kowace ƙaramar siga. Ba a taɓa goge tsohuwar folda ba.

Na uku sharaɗi ne a cikin umarnin Ansible: `ansible_distribution_version | float >= 8.4`. An rubuta shi a 2021, bayan sanarwar Disamba 2020 cewa za a daina kula da CentOS Linux 8 a ƙarshen 2021, lokacin da kamfanin ya koma AlmaLinux 8.4. Ayyuka biyu ne a ƙarƙashinsa: girka abin da ke duba ko direban ya hau, da saka sunan sabar a rahoton ajiya na dare.

## 4 ga Yuni 2024: kuskuren 404 da gyaran farko

AlmaLinux 8.10 ta fito a ƙarshen Mayu 2024, kwanaki kaɗan bayan RHEL 8.10, manhajar kamfanin Red Hat da AlmaLinux ke bin sahunta. CentOS 7 kuma wa'adinta zai cika ranar 30 ga Yuni, don haka aka tsara kwashe abokan ciniki daga sabobi 41 ɗin nan zuwa sababbi a kan 8.10 kafin wata ya ƙare.

Ranar Talata 4 ga Yuni aka kwafo 8.10 zuwa rumbun cikin gida, aka gina direba don kanel ɗinta, 4.18.0-553, aka zuba shi a sabuwar folda `el/8.10/`. Sannan aka mayar da layin nan `os_version: 8.10`. Injin gwaji na farko ya tsaya tun a matakin girkawa: ya nemi `almalinux/8.1/` ya samu 404, wato babu wannan adireshi. Babu AlmaLinux 8.1 a duniya, domin sigarta ta farko 8.3 ce, ta Maris 2021.

Ma'aikacin da ke bakin aiki ya duba fayil ɗin YAML ya ga 8.10 a rubuce daidai. Ya ɗauka samfurin kickstart ne ke yanke harafin ƙarshe, lokaci kuma ya ƙure, sai ya yi mahaɗa a rumbun da `ln -s 8.10 8.1`, yadda duk mai neman 8.1 zai faɗa foldar 8.10. Girkawa ta wuce lafiya, `/etc/os-release` ya nuna `VERSION_ID="8.10"`, Ansible ya gudana har ƙarshe ba jan layi ko ɗaya. Aka rubuta a takardar aiki cewa an warware.

## 10 zuwa 24 ga Yuni: makonni biyu na shiru

Daga 10 zuwa 21 ga Yuni an girka sababbin sabobi 23, an kwashe musu abokan ciniki. A tsakiyar watan kuma aka yi `dnf update` (dnf ce manhajar girkawa da sabunta fakiti) a kan sabobi 96 na AlmaLinux 8.9, suka koma 8.10, amma ba a sake tayar da su ba, domin an ware wannan sai Yuli. Suka ci gaba da gudu a kan tsohon kanel, 4.18.0-513.

Ga abin da ke faruwa a sababbin 23 ɗin, wanda ba a sani ba a lokacin. Fayil ɗin rumbun da Ansible ya rubuta musu yana nuni ga `el/8.1/`, kuma wannan folda tana nan tun 2020, don haka babu 404. Suka ɗauko direban da aka gina don kanel 4.18.0-147. Fakitin ba a rubuta masa sharaɗin sigar kanel ba, shi ya sa dnf bai ƙi shi ba. Ya zauna a foldar tsohon kanel a ƙarƙashin `/lib/modules/`. Rubutun `weak-modules`, wanda aikinsa ne ya duba ko direban wani kanel zai dace da wani, ya ga bai dace ba, bai yi mahaɗa a `weak-updates` ba. Kowane dare manhajar ajiya ta nemi direba ta rasa, ta rubuta kuskure a fayil ɗin rajistarta na cikin sabar, ta fita.

Wanda ya kamata ya yi ƙara shi ne abin sa ido, shi kuma ba a girka shi ba. Ansible ya karanto "8.10" daga sabar daidai, amma `float` ya mayar da ita adadi mai ɗigo, 8.1, wanda bai kai 8.4 ba. Sharaɗin da bai cika ba a Ansible ba kuskure ba ne, `skipping` kawai yake rubutawa, cikin ɗaruruwan layuka masu irin wannan kalma. Tunda saka suna a rahoton dare ma yana ƙarƙashin sharaɗin, sabobin ba su fito a rahoton da ja ba, ba su fito da kore ba. Babu su kawai.

Ranar Litinin 24 ga Yuni wani abokin ciniki ya nemi a dawo masa da fayilolin da ya goge ranar Juma'a. Aka duba, babu ajiya ko ɗaya tun ranar da aka kwashe shi.

## 24 zuwa 27 ga Yuni: abubuwan da aka gwada ba su yi ba

Cikin sa'a guda aka gano direba bai hau ba, `modprobe`, umarnin ɗora direba, yana cewa bai same shi a foldar kanel 4.18.0-553 ba. Abin da ba a gano ba shi ne dalili.

Zargi na farko ya faɗa kan Ansible. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya sake gudanar da umarnin daga kwamfutarsa, sai ya ci karo da `SyntaxError: future feature annotations is not defined`. Wannan matsala ce ta gaske: ansible-core 2.17, wanda ya fito a Mayu 2024, ya daina aiki da Python 3.6 a kan sabar da ake tsarawa, kuma 3.6 ce Python ɗin tsarin siga ta 8. Aka ɗauka wannan ne ya sa girkawar ta tsaya rabi. An ɓata yini ɗaya da rabi kafin a lura cewa kwamfutarsa ce kaɗai ke da 2.17, sabar da ta yi ainihin girkawar tana kan 2.16. An bar jaki ana dukan taiki. Aka ƙulle kowa a 2.16, aka sake gudanarwa, babu abin da ya canza.

Gwaji na biyu ya fi ɓatar da hankali. Aka girka injin gwaji daga farko, amma aka ba da lambar a bakin umarni: `-e os_version=8.10`. Komai na direba ya tafi daidai. Dalilin shi ne, abin da aka bayar ta `-e` a siffar suna da alamar daidai Ansible yana ɗaukarsa rubutu ne, kuma yana rinjayar abin da ke `group_vars`. Wato gwajin ya kauce wa wurin da cutar take. Sakamakon ya sa aka wanke samfuran, aka koma zargin tsofaffin bayanan da dnf ya adana. Aka yi `dnf clean all` a sabobi 23, aka sake girka fakitin, tsohon direban ya sake dawowa.

Ranar Alhamis 27 ga Yuni aka kashe ɗaya daga cikin tsofaffin sabobi 96 don canza mata RAM. Da ta tashi a kan kanel 553, ƙararrawa ta buga nan take, domin ita tana da abin sa ido tun kafin Yuni, kuma aikin da aka tsallake ba ya cire abin da aka riga aka girka. Wannan ya rushe tunanin cewa matsalar ta sababbin sabobi ce. Aka buɗe fayil ɗinta a `/etc/yum.repos.d/`, aka ga adireshin rumbun, `baseurl`, ya ƙare da `el/8.1/`, domin ita ma daga `os_version` Ansible ke rubuta mata shi. Direbanta na 8.9 ne; dnf bai mayar da shi baya ba, amma kuma bai taɓa ganin na 8.10 ba. Umarnin `ansible-inventory --host` ya nuna `"os_version": 8.1`, babu alamar zance a jikin lambar, `type_debug` kuma ya ce `float`. A wurin YAML, 8.10 marar alamar zance adadi ne, sifilin ƙarshe kuma ba ya ƙara wa adadi komai.

Da an sake tayar da sauran 95 ɗin a Yuli yadda aka tsara, da dukkansu sun rasa ajiya a dare ɗaya.

## 27 da 28 ga Yuni: gyara kashi biyu

Aka rubuta `os_version: "8.10"`, aka cire mahaɗar da aka yi ranar 4 ga wata, aka gudanar da Ansible a kan duka sabobin AlmaLinux, aka sabunta direba. Da daddare ajiya ta fara tafiya a sababbin sabobin, amma da safe sunayensu ba su fito a rahoto ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Nan ne aka ga sharaɗin 8.4. Gyaran farko da aka yi masa shi ne cire `float` a kwatanta rubutu da rubutu: `>= '8.4'`. Shi ma bai yi ba. Kwatancen rubutu harafi-harafi yake tafiya: 8 da 8 ɗaya ne, ɗigo da ɗigo ɗaya ne, sai 1 da 4, nan hukunci ya faɗi cewa '8.10' tana ƙasa da '8.4'. Abin da ya yi aiki shi ne gwajin da Ansible ya tanada don wannan: `is version('8.4', '>=')`, wanda ke raba lambar a kan ɗigo ya kwatanta kowane kashi a matsayin cikakken adadi, 10 da 4. Ko a nan dole lambar da ke cikin baka ta kasance da alamar zance, domin `version(8.10, '>=')` Jinja, harshen samfuran Ansible, zai mayar da ita 8.1 kafin gwajin ya gan ta.

Ranar 28 ga Yuni duk sabobin suka bayyana a rahoto. Sabar da ta fi daɗewa ta yi dare 17 babu ajiya. Fayilolin abokin cinikin nan an samo na kafin kwashewa daga tsohuwar sabarsa ta CentOS 7, wadda ba a riga an goge ba. Abin da ya ƙara bayan nan ya tafi.

## Yuli da Agusta 2024: binciken sauran wurare

Aka bi duk fayilolin Ansible, samfuran kickstart da rubutun umarni da `grep`, ana neman duk inda ake taɓa lambar siga. Allura ta tono garma: wurare 31, kuma 12 daga ciki suna da lahani.

Mafi yawansu ba 8.10 ce za ta tayar da su ba, siga ta 10 suke jira. Akwai `ansible_distribution_major_version >= '8'` a wurare biyar. Wannan bayani rubutu ne, kuma a kwatancen rubutu '10' tana ƙasa da '8', don haka sabar siga ta 10 za a bi da ita hanyar CentOS 7. Masu Debian sun sha irin wannan tun Yuli 2019 da Debian 10 ta fito. Akwai `cut -c1` a rubutu biyu, wanda zai ciro 1 daga 10.0. Akwai wani rubutu da ke zaɓen folda mafi sabunta da `sort` sannan `tail -1`, wanda tun Yuni yake zaɓen 8.9 a kan 8.10, `sort -V` ne maganinsa. An kuma sami fayil ɗin jerin sabobi na INI inda aka rubuta lambar a layin sunan sabar. A wannan wuri Ansible yana fassara ƙimar kamar yadda Python zai yi, ta zama adadi, alhali a sashen `:vars` na fayil ɗin rubutu take zama.

Teburin MariaDB ma ya shiga. Gurbin siga `DECIMAL(3,1)` ne, don haka 8.10 ta shiga a matsayin 8.1 ba tare da kuskure ba, rahoton Yuni ya nuna sabobi 119 a kan sigar da RHEL ta fitar tun Nuwamba 2019. Alamar wannan ta daɗe a fili: shekara biyu rahoton yana rubuta Ubuntu 22.04 a matsayin 22.0, kowa ya saba gani har ya daina lura.

Canje-canjen da aka yi su ne waɗannan. Gurbin teburin ya rabu huɗu: `ID` da `VERSION_ID` kamar yadda suke a `/etc/os-release`, a matsayin rubutu, sai babbar lamba da ƙaramar lamba a matsayin cikakkun adadi don jerawa. An bar ƙaramar ta iya zama fanko, domin ba kowace manhaja ke da ita a wannan fayil ba: CentOS 7 tana rubuta 7 kawai ko da 7.9 ce, CentOS Stream 9 tana rubuta 9, Debian 12 tana rubuta 12 ta bar cikon a `/etc/debian_version`. An hana sake haɗa lamba daga adadin biyu, saboda 22 da 04 idan suka zama adadi 22.4 za su bayar. A ɓangaren Ubuntu aka koma amfani da sunan siga, `jammy` ko `noble`, wurin rubuta rumbunan apt, domin babbar lamba 22 a Ansible ba ta bambanta 22.04 da 22.10.

`os_version` ya koma na kickstart kaɗai. Sabar da ta riga ta tashi, daga bakinta ake jin sigarta. Fakitin da ba su shafi kanel ba aka tattara su a `el/8/`, adireshin yana amfani da `$releasever`, wanda a AlmaLinux 8 yake bayar da 8. Fakitin direba aka rubuta masa sharaɗin kanel, yadda dnf zai ƙi girka shi a inda bai dace ba. Foldoji daga 8.1 zuwa 8.8 aka fitar da su daga inda sabobi ke iya kaiwa. A farkon umarnin Ansible aka sa `assert` mai tabbatar da cewa `os_version is string`, da kuma cewa sigar sabar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, in ba haka ba aiki ya tsaya. Sashen `%post` na kickstart, mai gudana a ƙarshen girkawa, aka ƙara masa `--erroronfail` da `set -e`, don kuskure ya tsayar da aiki. Rahoton dare kuma aka juya shi: yanzu yana farawa daga jerin dukkan sabobi, duk wadda ba ta da ajiya ta fito da ja.

Daga ƙarshe aka rubuta gwaji mai ciyar da sharuɗɗan da lambobin ƙarya, 7.9, 8.1, 8.9, 8.10, 9, 9.4, 10, 10.0, 22.04, 24.04 da fanko, yana duba reshen da kowace ta bi.

## Yuni 2025: zuwan siga ta 10

AlmaLinux 10.0 ta fito a ƙarshen Mayu 2025. A gwajin farko cikin Yuni girkawa ta tsaya a `%post`, tana neman fakitin daidaita agogo na `ntp`, wanda aka cire tun siga ta 8 aka bar chrony. Tushen wani `case` ne mai reshe biyu: `8*|9*` don chrony, sai `*` don duk abin da ya rage, wanda a ran marubucinsa CentOS 7 ce. Binciken 2024 bai kama shi ba domin babu alamar kwatance a cikinsa, gwajin lambobin ƙarya kuma sharuɗɗan Ansible kaɗai yake bi. Aka ba kowace siga reshenta da sunanta, aka mayar da `*` wurin fita da kuskure. Gyaran ya ɗauki ƙasa da sa'a biyu, a injin gwaji, babu abokin ciniki a kai. Sauran umarnin ya gudana ba tare da an taɓa shi ba.

## Hukunci

Rashin alamar zance a YAML shi ne mafari, amma shi kaɗai 404 ya haifar, kuma 404 kuskure ne mai ƙara wanda ya tsayar da aiki a rana ta farko. Mahaɗar da aka yi ranar 4 ga Yuni ce ta fi kowane mataki tsada, domin ta toshe bakin wurin da ya yi magana ba tare da an tambayi inda 8.1 ta fito ba. Umarni ɗaya na `ansible-inventory` a ranar da ya nuna amsar. Abin da ya mayar da kuskuren asarar bayanai kuwa abubuwa uku ne da suka girme shi: tsohuwar folda da ta amsa kira, fakitin da ba ya duba kanel, da rahoton da ke ƙirga waɗanda suka yi rajista kaɗai.

Sharaɗin 8.4 tun asali ba lamba yake nufi ba. Abin da marubucinsa ke son tambaya shi ne ko sabar AlmaLinux ce, kuma `ID` ya isa ya amsa wannan. Daga cikin wurare 31 da aka bincika, 9 sun zama irin haka, aka cire musu kwatancen lamba gaba ɗaya. Gwajin `version` ya gyara kwatance, amma a 2025 ba shi ya kama saura ba. `--erroronfail` ne ya kama, wato dokar cewa sigar da ba a sani ba ta tsayar da aiki.

Gwajin lambobin ƙarya har yanzu bai shafi rubutun `%post` ba, sai an girka inji na gaske ake sanin halinsa. Layukan tarihi na teburin kuma, waɗanda aka rubuta 8.1 kafin a canza gurbin, lambar kaɗai ba ta nuna ko na 2020 ne ko na 2024. An raba su ta gurbin kanel: masu 4.18.0-147 aka bar su 8.1, masu 513 da 553 aka mayar da su 8.10.